Kujerar Bayan Mai Ƙaho

Ranar da Baba ya ce ba zai ba Dogo aurenta ba, Auta ta zaci maganar asali zai kawo, ko ta abin hannu, irin wadda iyaye ke fakewa da ita idan ba sa son mutum. Ashe babur ne.

Babur fa. Wani ɗan roba-roba mai araha da Dogo kafinta ke hawa, wanda tun daga bakin titi ake jin tarinsa kafin a ga mai shi. Gwangwani mutanen layin ke ce masa, shi ma Dogo haka yake kiransa, ko a jikinsa. Wannan tarkacen ne ya shiga tsakaninta da mutumin da zuciyarta ta riga ta zauna a kansa.

Sai dai duk wanda ya san Baba ba zai yi masa dariya ba. Da ƙuruciyarsa haya yake yi da babur, kuma irin gwangwanin nan ya saya don iya ƙarfinsa ke nan. Wata rana a gangara ya matsa birki, birki ya ce bai san zancen ba. Ya farka a gadon asibiti babu ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Tun daga nan yake wuni a kujerarsa ta ƙofar gida, sandunansa a jingine da bango, yana kallon babura suna wucewa yana yanke musu hukunci.

Yayyen Auta mata duk masu tafiya a ƙasa suka aura, bai ce uffan ba. Rantsuwarsa ɗaya ce tak, 'yarsa ba za ta zauna a bayan gwangwani ba yana raye.

Auta ta durƙusa a gabansa, idanunta sun kumbura don kuka.

"Baba, to idan ya sayar da shi ya koma tafiya a ƙasa fa?"

Baba ya dafa dungulmin ƙafarsa.

"Auta, mutumin da ya ɗora ransa a kan gwangwani don ya rage kuɗi, ya riga ya gaya mini darajar ran nasa a wurinsa. To naki fa, a ina zai ajiye shi? Ni ma haka na yi tunani, na ce ai duk ƙarfe ne. Rarar da na samu, ga inda aka cire ta." Ya ɗan bubbuga wurin. "Idan da gaske yake, ya zo mini da Mai Ƙaho. In ba haka ba, ga Likita nan, kullum sai ya zo gaishe ni."

Mai Ƙaho shi ne baburin manya, mai ɗan ƙahon azurfa a goshi. Caji ake yi masa, ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba ya ƙara. Kuɗinsa zai sayi gwangwani garke guda. Likita kuwa mai kantin magani ne a mararraba. Bai taɓa taka makarantar likitoci ba, mutanen unguwa ne suka ba shi sunan, shi kuma bai mayar musu da abinsu ba. Yana da Mai Ƙaho fari, kuma yana son Auta.

A gaskiya ba shi da wani aibu. Mutum ne mai tsabta, mai magana a hankali. Abin da ya hana Auta sakewa da shi ɗaya ne, ba a jin zuwansa. Kana tsaye kana shanya, ka waiga sai ka gan shi a bakin ƙofa kamar an jefo shi, yana murmushi. Baba kuwa da ya gan shi sai ya washe baki, ya sa a turo masa baburin kusa, ya yi ta shafa farantin birkinsa yana cewa jama'a su daina zancen banza, ba suna ake saya ba, kwana ake saya.

Inna, mahaifiyarta, ba ta taɓa tsallake maganar Baba ba. Iyakarta ta taya Auta kuka a ɗaki, ta share ido, ta fito ta ce wa Baba gaskiyarsa ce.

Da Auta ta kai wa Dogo labari a shagonsa, sai ya ajiye guduma ya hau wa'azi. Ya ce shi kafinta ne, ya san wannan wasan. Katako ɗaya za ka yanka ka yi kujera biyu, ka manna wa ɗaya suna, sai ka ga an yi layi ana ninka mata kuɗi. Ya ce rabin kuɗin Mai Ƙaho na ɗan ƙahon nan ne da ke goshinsa, kuma gwangwaninsa bai taɓa kayar da shi ba.

Auta ta bar shi har ya gaji, sannan ta fashe da kuka.

"Ni ba gardama na zo mu yi ba, Dogo. Ka ci gardamar, na yarda. To sai me? Ka je ka ci Baba da ita mana, ka ga ko ƙafarsa za ta tsiro. Ni dai na gaya maka, ina ji ina gani za a miƙa ni ga mutumin da ba na ko jin tafiyarsa, kai kana nan kana lissafin katako."

Jikin Dogo ya yi sanyi. Ya goge garin katako daga hannunsa, ya ce ta ba shi ɗan lokaci.

Daga ranar ta daina jin tarin gwangwani a layinsu. Da can, ko tana can ƙuryar ɗaki, da ta jiyo shi sai ta ji zuciyarta ta yi fari. Yanzu shiru. Ta kira waya ya ce yana nan tafe, ta sake kira ya ce ta ƙara haƙuri. Ta rame, ta dinga ɗinka maɓalli a baibai a shagon ɗinkin da take aiki, har uwar ɗakinta ta fara tambayarta ko lafiya.

Wata rana da yamma ana ɗan yayyafi, tana zaune ita kaɗai a shago tana taka keken ɗinki. Ta ɗago don ta tsinke zare, sai ga Dogo a bakin ƙofa. Ba ta ji zuwansa ba. Gabanta ya faɗi kafin ta yi murna.

Yana zaune a kan Mai Ƙaho baƙi wuluk, sai ƙyalli yake yi, bakin Dogo har kunne.

Ta fito da gudu, ta zaga baburin, ta dawo ta tsare shi da ido ta ce ya gaya mata gaskiya. Ya ɗan sosa ƙeya. Ya sayar da gwangwani, ya kuma sayar da injin goge katako, wanda da shi yake cin abinci. Duk da haka ba su kai kuɗin sabo ba, ko kusa. Wani dillali ne ya haɗa shi da wannan, wai mai shi sauri yake yi ya rabu da shi. Ya ce ta duba da kanta, ko ƙwarzane babu, Baba ba zai taɓa gane na hannu ne ba.

Sai ya shiga nuna mata abubuwan mamaki, mutumin da kwanan nan yake cewa duk ƙarfe ne. Ga fitila mai kunna kanta, ga akwatin ƙarƙashin kujera, ga ɗan gilashin gaba mai nuna komai. Ya ce abin da ya fi burge shi, baburin yana jin nauyin wanda ya hau. Idan mutum ɗaya ne, sai hoton ɗan mutum ɗaya ya fito a gilashin. Idan an yi goyo, sai su zama biyu, shi kuma ya daidaita ƙarfin birkinsa da kansa.

Auta ta leƙa gilashin.

"To ai biyu nake gani."

Dogo ya yi wata 'yar dariya. Ya ce ɗan kuskure ne, dillali ma ya gaya masa, saiti kawai za a sake yi. Don ya nuna mata ba komai ba ne ya sauko ya tsaya a gefenta. Hoton na gaba ya ɓace. Na baya ya zauna daram.

Suka tsaya suna kallo. Yayyafin ya ɗan ƙara ƙarfi. Ruwa ya fara sauka a inda Dogo ya tashi, ɗigo-ɗigo, har wurin ya jiƙe. Kujerar baya kuwa tsakiyarta a bushe take. Ruwan yana sauka a gefenta, yana sauka a kan ƙarfen riƙo, amma akwai wani fili daidai zaman mutum da ko ɗigo ɗaya bai taɓa ba.

Auta ta ja da baya. Ta nuna masa wurin da baki. Ya ce fatar ce mai tsada, ba ta riƙe ruwa. Bai kalle ta ba da yake faɗa. Ya ce ta hau ya kai ta gida, ta ce akwai ɗinkin da ba ta gama ba. Ta koma ciki ta zauna a gaban keke, ba ta ƙara ɗinka ko taƙi ɗaya ba har aka tashi.

Washegari da hantsi Baba ya aike ta sayen man shafawar da yake sa wa dungulminsa. Ba ta da zaɓi, kantin Likita ne kaɗai ke da shi. Ta so ta karɓa ta fita, amma sai Likita ya riƙe ledar a hannunsa ya ce ya ga abokin takararsa ya yi sabon abin hawa.

Ta ce eh, Allah ne ya hore masa.

Ya ce ba sabo ba ne, kuma ya san shi. A nan gaban kantinsa abin ya faru. Wani saurayi ne ya saye shi dal, ana gab da aurensa, ya ɗauko yarinyar da zai aura don ya nuna mata. Tana zaune a baya ta karkace gefe guda, tana gyara mayafi, ba ta riƙe komai ba. Wata mota ta fito musu babu zato, saurayin ya damƙe birki.

"Da gwangwani ne, ranki ya daɗe, da ya ɗan ja su sun daki motar, kowa ya samu ƙujewa ya tashi. Wannan kuwa tsayawa ya yi cak, kamar an dasa shi. Birkin ya kama. Ita ce ba ta kama ba. Ni na riƙe kanta a kan kwaltar nan har ta cika. Baburin ko faɗuwa bai yi ba."

Ya ce tun daga nan baburin yake yawo daga hannu zuwa hannu, duk wanda ya saya ba ya daɗewa yake neman mai karɓa.

Auta ta yi ta maza. Ta ce kishi ne ke damunsa, kuma ba ta yi zaton mutum kamarsa zai ƙirƙiro gawa don ya ɓata wani ba. Bai yi fushi ba. Ya ce ta tambayi duk mai shago a mararrabar nan. Ya ce shi ba zai kai wa Baba maganar ba, don ba ya son matar da zai samu ta hanyar tsegumi.

Ya miƙa mata ledar.

"Ki aure shi idan shi kike so. Amma don girman Allah kada ki hau kujerar nan."

Ba ta koma gida ba, shagon Dogo ta nufa. Wurin da injin goge katako yake a da ya zama fili, sai shatin ƙafafunsa a kan siminti. Dogo yana ta fama da ɗan abin gogewa na hannu, gumi har gadon baya. Mai Ƙaho yana jingine a inuwa. Ta zagaye shi daga nesa ta shiga.

Ba ta gaya masa abin da Likita ya ce ba. Ta san da ya ji sunan zai toshe kunne. Ta dai roƙe shi ya mayar da baburin, ta ce hankalinta bai kwanta da shi ba. Ya ce dillalin ya daina ɗaukar wayarsa, kuma ko ya ɗauka, da me zai je gaban Baba? Injin ya tafi, gwangwani ya tafi, abin da ya rage masa a duniya ke nan, sai ita.

Ta zauna a kan wani guntun katako ta yi ta kuka, tana cewa ita ce ta jawo masa, da ta yi shiru da yanzu yana nan da injinsa da kwanciyar hankalinsa. Ya durƙusa a gabanta yana rarrashi. Ya ce shi ma ba dutse ba ne, ya lura da wasu abubuwa. Idan ya sha kwana, baburin yakan karkata fiye da nauyinsa. Wani lokaci yakan ji kamar an ɗan ja masa riga ta baya.

"Amma wallahi, Auta, ba ta taɓa yi mini komai ba."

Kukan Auta ya tsaya cak. Ta ɗago a hankali.

"Ta? Wa ya gaya maka mace ce?"

Dogo ya kalli ƙasa, ya kalli ƙofa. Can ya ce da ƙaramar murya, turare yake ji. Turaren mata, mai sanyin ƙamshi, musamman idan fitilar danja ta tsayar da shi iska ta lafa.

A waje wani yana buga ƙusa a shagon maƙwabta, rana ta take, mutane suna ta harkokinsu. Auta ta ji ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan tsakar ranar ba.

Dogo ya ce ta saurara. Sau ɗaya kawai zai kai shi gaban Baba. Baba ya gani, ya shafa, ya amince, shi ke nan. Bayan an yi aure ko a bola ne zai jefar da shi, su yi ta tafiya a ƙasa har tsufa. Ta sa shi ya yi mata alkawari ba zai taɓa cewa ta hau ba. Ya yi, har da dafa ƙirji.

Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne Baba.

Da la'asar ɗin ranar da suka shirya, Dogo ya zo cikin wankakkun kaya. Auta tana laɓe a bayan labulen ƙofa. Kuma don abin ya cika, Likita ya riga shi zuwa, yana zaune a benci kusa da Baba ya zo gaisuwar da ya saba. Da ya ga baƙin baburin ya shigo layi sai ya sunkuyar da kai.

Dogo ya kashe shi tun kafin ya ƙaraso, gilashin ya yi duhu. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba bai ko amsa da kyau ba, idonsa na kan ƙahon azurfa. Ya sa aka turo shi gabansa. Ya shafa tayoyi, ya leƙa farantin birki, ya matsa hannun birkin ya saki, ya sake matsawa. Auta ta ga fuskar mahaifinta ta yi wani haske da ta daɗe ba ta gani ba, sai tausayinsa ya kama ta. Bawan Allah nan ba kuɗi yake so ba, tsoro ne ya cinye shi shekara da shekaru.

Baba ya ce yanzu Dogo ya yi magana. Ya ce yaro, ka ga abin da nake gaya muku, wannan ko a kan ruwa ka ce ya tsaya zai tsaya. Sannan ya ɗaga murya ya kira Auta.

Ta fito tana jan ƙafa.

"Hau. Ya kai ki ƙarshen layi ku dawo, ya taka mini birki a nan gabana in gani da idona. Idan na ga 'yata ta sauka lafiya, na ba shi."

Dogo ya yi saurin cewa ai ba sai ta hau ba, zai iya nuna birkin shi kaɗai. Baba ya sha toka. Ya ce shi ba nauyin Dogo ya dame shi ba, na 'yarsa ne. Auta ta ce kanta ke ciwo. Baba ya ce ƙarshen layin nan ba wata ƙasa ba ce. Ya dubi ɗaya ya dubi ɗaya, fara'ar tana gushewa daga fuskarsa.

"Akwai abin da kuke ɓoye mini ne?"

Auta ta san idan gaskiya ta fito, ba labarin yarinyar ne zai fi ɓata wa Baba rai ba. Cewa Dogo ya sake bin araha, ya kuma zo zai rufe shi, wannan ne ba zai yafe ba har abada.

"To shi ke nan," in ji Baba. "Macen da ba ta yarda ta zauna a bayan mutum ba, ba ta yarda da shi ba ne. Kin ba ni amsa da kanki, ban tilasta ki ba. Ga Likita nan, dama..."

"Zan hau, Baba."

Likita ya ɗago ya girgiza mata kai a hankali. Dogo ya yi tsuru-tsuru. Ta kawar da kai daga dukkansu. Ta san abin da take yi, kuma tsoro kamar ya kashe ta, amma tunanin ta tashi kullum a gidan da ba Dogo ya fi tsoron yawa.

Dogo ya hau ya kunna, ya kife hularsa a kan gilashin. Auta ta dafa kujerar baya. Baburin ya wuni a rana, ƙarfensa har ƙuna yake yi, amma kujerar sanyi ƙalau kamar randa. Ta yi addu'a a ranta ta ɗaga ƙafa.

Wurin ya yi mata kaɗan. Ta ji tana matse tsakanin bayan Dogo da wani abu da bai kamata ya kasance a can ba. Sai kuma ta ji an ɗan matsa baya, a hankali, irin yadda mace ke matsa wa 'yar'uwarta a kan benci. Ta zauna.

Suka tashi babu ƙara. Da gwangwani ne, da hayaniyarsa ta rufe komai. Wannan kuwa shirunsa ya sa tana jin kukan taya a kan ƙasa, tana jin numfashin Dogo, tana jin nata. Ta riƙe nata don ta tabbatar. Akwai na uku, dab da kunnenta na dama, da ƙamshin turare mai sanyi.

Sai hannaye suka zagayo ƙugunta ta baya. Siraran hannaye, masu sanyi, suka haɗu a kan cibiyarta suka sarƙe.

Ta so ta yi ihu. Ta waiga kaɗan ta hango Baba ya miƙe a kan sandunansa, abin da ba ya yi sai dole, yana leƙo su. Ta haɗiye ihun, ta ɗaga masa hannu, har da murmushi. Hawaye suna zuba iska tana shanyar da su.

Dogo ya tambaye ta ko lafiya ba tare da ya waigo ba. Ta ce ya yi sauri kawai.

Suka kai ƙarshen layi suka juyo. Ta hango ƙofar gidansu tana matsowa, Baba ya ɗaga sanda ɗaya sama yana jiran ya ba da alama. A nan ne ta tuna ba ta riƙe komai ba. Kunyar Baba ta hana ta taɓa Dogo, hannayenta suna kan cinyarta.

Wata murya ta raɗa mata a kunne, ƙasa-ƙasa, kamar ta mai mura.

"Riƙe shi."

Ta cakumi Dogo da hannu bibbiyu a daidai lokacin da sandar Baba ta sauka. Baburin ya tsaya cak. Ta ji duk jikinta ya yi sama zai wuce, hannayen nan masu sanyi suka matse ta suka dawo da ita kan kujera da ƙarfin da har haƙarƙarinta ya amsa.

Sai ga dariyar Baba, irin wadda Auta ba ta ji ba tun tana ƙarama. Yana dariya yana share ido da bayan hannu, yana ce wa Likita ya gani ko, baburin ko taƙi ɗaya bai ƙara ba. Ya ce Dogo ya turo manyansa a sa rana, ya ba shi, duniya da lahira ya ba shi. Likita ya miƙe ya yi wa Dogo murna da sanyin jiki, ya hau farin baburinsa ya ɓace daga layin.

Auta ta sauko. Ƙugunta har yanzu a ɗaure take jin sa, ta ce a ranta tsoro ne bai sake ta ba. Dogo ya ɗaga hularsa daga kan gilashin don ya kashe, sai ta ga ya tsaya. Ya yafito ta da ido, fuskarsa cike da murna.

Hoton mutum ɗaya ne, na gaba. Na baya ya tafi.

Ya raɗa mata cewa ta gani ko, ya gyaru da kansa, dama kayan tsada haka suke. Ya ce duk tsoronsu na banza ne, yanzu ma ba sai ya sayar ba. Ta ce bari ta shiga ta gaya wa Inna.

Ta ɗaga labule ta shiga tsakar gida. Inna tana zaune a kan tabarma tana ninke wanki, ta riga ta jiyo dariyar Baba, bakinta ya ƙi rufuwa. Ta ɗago za ta yi magana, sai idonta ya wuce fuskar Auta ya tsaya a kan kafaɗarta ta dama. Ta gyara ɗankwali, ta janye kayan wankin gefe don ta samar da wuri.

"Auta, wannan wace irin tarbiyya ce? Ki shigo da baƙuwa ko ki ce mini ga ƙawata." Ta faɗaɗa murmushinta. "Sannu da zuwa, 'yan mata. Sake mata ƙugun haka nan mana, ai kun iso gida."